Wasiƙar Yaya Rahmatu Ta Tsaya a Zaure

Daura,
3 ga Mayu.

Zuwa ga 'yar gwaggona, Hajiya Zubaida, ta hukumar tsara aikin gidan waya, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, ina sanar da ke, da dukkan nauyin da al'amarin ya cancanta, cewa ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, gidan kakanmu ya samu lamba.

Shekara ɗari da ɗoriya gidan nan yana tsaye a bayan Kusugu babu lamba. An haifi mutane a ciki, an raɗa musu suna, an aurar da su, an fitar da gawarsu, duk babu lamba. Sai ga ma'aikata biyu da bokitin shuɗin fenti, suka zana 47 a bangon zaure, bakwai ɗin tana zubar da hawaye har ƙasa. Maƙwabcinmu Alhaji Mahdi ya samu 12. Na tambaye su yadda aka yi 47 ta zama maƙwabciyar 12, suka ce daga sama aka ba su tsarin. Na ce babu komai, ina da 'yar'uwa a saman nan, zan tambaye ta.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Matata Hadiyya tana gaishe ki, ta ce in daina tsokanarki, na ce mata taubasantaka ba ta ritaya. Yaya Rahmatu tana nan cikin takaba, wata biyu da rabi ke nan da rasuwar mijinta, Yaya Lawal, Allah ya jiƙansa. Daga bakin labule nake gaishe ta safe da yamma. Har yanzu tana yaba zuwan da kika yi ta'aziyya.

Sai aikin da kika ɗora mini. Kin ce hukumarku tana so ta san kwana nawa wasiƙa take yi a hanya, don haka ki rubuto, in amsa, kowa ya lura da ranar isowa, kuma kada a ɓata gwajin da kiran waya. To ki sa a rahotonki: wasiƙarki ta farko kwana goma sha ɗaya ta yi. Na ɗauko taswira na yi awo irin na malamin tarihi, na ga da raƙumi kika ba, da tare za su shigo gari.

Na kuma karanta daftarin dokar da kika haɗo. Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuka ce kowa da kowa. Duk ɗan ƙasa, in ji ku, ko a tsakiyar birni yake ko a rugar da ke bakin iyaka, yana da haƙƙin wasiƙarsa ta same shi, da kan sarki iri ɗaya. Madalla. Sai dai, ranki ya daɗe, kai gishiri Bilma ne. Tun ina yaro wasiƙa take shigowa Daura da sunan mutum tsura, ta same shi. Mai rabawa ya miƙa wa mai shayi, mai shayi ya ba ladan, ladan ya ba maigida, maigida ya shigar. Babu lamba, babu sa hannu. Sanayya ce adireshinmu.

Ki gaida mutanen sama.

Ɗan kawunki, wanda ya girme ki da shekara shida ko kin ƙi ko kin so,
Nu'uman.


Abuja,
14 ga Mayu.

Zuwa ga ɗan kawuna, Malam Nu'uman, maigida a lamba 47.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Ina gaida Hadiyya, ka ce mata ta bar ka, ai tsokanar ita ce kaɗai motsa jikin da kake yi. Ka gaida Yaya Rahmatu da kyau, Allah ya ƙara mata haƙuri.

Taka ta yi kwana goma, ka ga mun tsere wa raƙumin naka da kwana ɗaya. Maganar 12 kuwa, ƙofar Alhaji Mahdi gabas take kallo, taku kudu, layinku ba ɗaya ba ne. Da ka zagaya da ka gani, amma na san zagayawa ba aikin manyan malamai ba ne.

Ka ce sanayya ce adireshi. Ga wanda aka sani, haka ne. Kai shekara talatin kana koyarwa a garin nan, ko Malam kawai aka rubuta a bayan ambulan za a kawo maka. Bara mun yi rangadi a ƙasar Mashi, na zauna da wata mata da ɗanta ya aiko mata da takarda daga kurkuku yana neman ta zo ta gan shi. Wata bakwai takardar ta yi a gidan wani dattijo da ya ga bai kamata a tayar mata da hankali ba. Ba mugu ba ne, mutumin kirki ne. Ka sake ƙirga hannuwan da ka lissafa mini: mai shayi, ladan, maigida. Hannu uku kafin mai ita, kuma kowane ɗaya yana da ikon cewa a bari sai gobe.

Shi ya sa a sashe na tara muka ce wasiƙar rajista hannu da hannu za a ba mai ita, ya sa hannu ko ya dangwala. Daura tana cikin garuruwan da aka fara gwada wannan tun watan jiya.

Tun da maganar ta zo: yau na aika wasiƙar rajista da sunan Yaya Rahmatu. Tata ce. Don Allah ka ga ta shiga hannunta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Shekara biyar da wata huɗu ne, ba shida ba. Gwaggonka tana raye, ka tambaye ta.

'Yar gwaggonka,
Zubaida.


Daura,
29 ga Mayu.

Zuwa ga Hajiya Zubaida, uwar sashe na tara.

Assalamu alaikum. Fatan kuna lafiya. Mu nan an samu ruwan farko daren Lahadi, ba mai yawa ba, amma masu gaggawa sun yi shuka. Kowa lafiya. Taki ta iso ranar 23, kwana tara. Raƙumi ya fara shiga damuwa.

Washegari, Juma'a, ina zaune a zaure ina gyaran takardun jarrabawa, sai ga Kabo mai raba wasiƙu. Kin san shi, dogon nan mutumin wajen Mai'adua, wanda shekara ashirin yana miƙo mini wasiƙun gidan nan ba tare da ya kashe babur ba. Ranar sai ya kashe, ya kafe, ya sauko da littafi da ɗan akwatin tawadar dangwale.

Ya ce, "Malam, rajista ce, ta Hajiya Rahmatu Lawal."

Na miƙa hannu. Ya janye.

"Hannu da hannu aka ce, Malam."

"To ga hannu."

"Nata."

"Kabo, takaba take yi. Ba ta fitowa."

Ya sosa ƙeya. "To ko in shiga?"

"Ka shiga ina? Ɗaga kanka ka karanta abin da ke saman lambar taku."

Ya ɗaga kai. BA A SHIGA, da rubutun marigayi Baba, ya girmi fentinku da shekara hamsin.

"To Malam, yaya za a yi?"

Na ce, "Ka tambayi Abuja."

Jiya Talata ya dawo da dabara. Wai ta zo bayan ƙyauren cikin zaure, ta miƙo hannu kawai, shi kuma ya juya baya, ni in dangwala mata yatsa a littafi. Na ce masa matar yayana, da hawayenta bai bushe ba, ba za ta miƙo wa baƙon namiji hannu ta bayan ƙyaure don a cika rahoto ba. Ya ce to saura zuwa ɗaya, daga nan a ajiye ta mako biyu, daga nan a mayar wa wanda ya aiko. Na ce ya gaida wanda ya aiko.

Don na gane tarkonki, 'yar gwaggo. Duk faɗin Daura kin rasa wanda za ki gwada dokarki a kansa sai mace mai takaba a gidan da ba a shiga, ki ga ko sashe na tara yana ratsa bango. Na yaba da dabarar. Ina kyautata zaton in aka buɗe ambulan ɗin farar takarda ce, ko kuwa layi ɗaya: a lura da ranar isowa. To ga sakamakon gwajinki, kyauta. Doka ta ce sai hannunta, shari'a ta ce ta zauna a ɗakinta, al'ada ta ce namiji ba ya shiga. Ko a zamanin macijin Kusugu ana samun ruwa ranar Juma'a. Ku kun haƙa rijiyar da ba ta da ranar ɗiba.

Ita Yaya ban ma dame ta da maganar ba. Mai takaba tana da abin da ya fi wannan damunta.

Ina jiran amsa, da kuma sabon sashe na tara.

Naki,
Nu'uman.


Daura,
10 ga Yuni.

Zubaida,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Kwana goma sha biyu ke nan da na rubuto, shiru. Ko dai wasiƙata ta ɓata, wanda zai yi wa rahotonki kyau, ko kuwa kin yi fushi, wanda zai yi mini kyau ni.

Muna lafiya. Iskar da ta zo da ruwa na biyu ta kayar da turakun wuta a unguwarmu, kwana tara ke nan muna cikin zamanin kakanni. Wayata da ta Hadiyya duk sun mutu. An ce in kai wajen masu caji a bakin kasuwa, na ce ban kai shekarun nan ba don in bi layi da ɗalibaina.

Kabo ya yi zuwansa na uku ranar Talata. Bai yi musu ba wannan karon. Ya gaishe ni, ya tambaya, na ba shi amsar da ya sani, ya tsaya yana kallona kamar mai son faɗin wani abu, sannan ya tayar da babur. Ban ji daɗin kallon ba.

Wani abu kuma, ƙila ba komai ba ne. Hadiyya ta ce Yaya Rahmatu ta daina buɗe Alƙur'aninta, da ka take karatu. Ta ce shekaranjiya ta gan ta tana bin bango da hannu daga ɗaki zuwa randa, taku bakwai kacal. Na ce kuka ne, idon mai takaba yakan gaji.

Na sake karanta wasiƙarki ta 14 ga Mayu. Kin rubuta "don Allah". Tun muna yara ban taɓa jin kin ce mini don Allah ba.

Farar takarda ce, ko?

Nu'uman.


Abuja,
13 ga Yuni.
Ta hannun direban motar Daura.

Yaya Nu'uman,

Ina fatan kuna lafiya, ba ni da lokacin gaisuwar da ta fi haka. Mako biyu ina rangadi a kudu, yau na dawo ofis na tarar da wasiƙarka ta 29 ga Mayu a kan tebur. Na karanta a tsaye. Na kira wayarka sau goma sha ɗaya, na kira ta Hadiyya, duk a kashe. Ni da nake rubuta dokar gidan waya, ga ni a tasha ina roƙon direba.

Ba gwaji ba ne. Zan karya alkawari in gaya maka, Allah ya yafe mini.

Ranar da na zo ta'aziyya Yaya Rahmatu ta riƙe hannuna bayan mata sun fita. Ta ce idonta na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kamar ana rufe mata taga a hankali daga gefe. Shekara biyu da suka wuce likitocin ido sun zo Daura, sun duba ta, sun ce hawan jinin ido ne, sai an yi aiki a Kano, za a aiko mata da takardar ranar aiki. Ta ce takardar ba ta taɓa zuwa hannunta ba. Ta ba ni tsohon katinta, ta ce in nema mata, amma kada mazan gidan su ji sai takarda ta shiga hannunta. Ban tambaye ta dalili ba.

Na yi wata biyu ina bi. Likitan da ke wannan aikin sau biyu yake zuwa asibitin a shekara. An ba ta Litinin, 24 ga Yuni, kwana uku bayan ta fita takaba. Abin da ke cikin ambulan ɗin kati ne mai hatimi, shi ake nunawa a ƙofa, babu shi babu gado. In ta rasa wannan sai Disamba, kuma da na gaya wa likitan yadda take, ya ce ba ya zaton idon zai jira Disamba.

Ka ce na kafa maka tarko. Kai a ganinka duk abin da ya zo ƙofar gidan nan kai aka nufa da shi? Ka kawo mini maganar macijin Kusugu. Wa ke kwance a bakin rijiyar, Yaya? Ka fi ni karatun addini, ka san mai takaba tana fita don lalura, balle zaure. Kuma ko sau ɗaya ba ka tambaye ta ba.

A lissafina zuwa na uku ya wuce, mako biyun ajiya suna ƙarewa cikin hutun Sallah. In aka sa ta a buhun Abuja, ba za ta dawo kan lokaci ba. Ka tashi yanzu.

Zubaida.


Daura,
15 ga Yuni, jajibirin Sallah.
Ta hannun direban nan dai.

Zubaida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafafuna ne kawai ba su yarda ba.

Takardarki ta same ni jiya da safe. Ban tsaya neman hula mai kyau ba. A gidan waya aka duba littafi aka ce wasiƙar ba ta cikin na ajiya, ba ta cikin buhun mayarwa, tana hannun Kabo. Kabo kuwa ya ɗauki jakar ƙauyukan bakin iyaka, daga nan zai wuce gida Sallah, sai Laraba.

Yau da asuba na hau motar Mai'adua, ni da raguna huɗu. Daga can na ɗauki ɗan acaɓa, muka yi ta tambaya. Ko'ina sai a ce yanzu ya wuce. Na ga ƙauyukan da shekara talatin ina koyar da tarihinsu ban taɓa taka su ba. Wajen azahar muka hango babur ɗinsa a gindin wani gawo kusa da wata ruga. Yana zaune a ƙasa da ambulan ɗaya a cinya. Wata mata yake jira ta dawo daga tallar nono, awa biyu ke nan, alhali ga mijinta can yana ɗaure maraƙi.

Na ce, "Kabo, wasiƙar nan tana nan?"

Ya dafa jaka. "Tana nan, Malam."

"Me ya sa ba ka ajiye ta a ofis ba?"

"In na ajiye, Talata a mayar. Takardar da aka ba mu ta ce a mayar in mai ita ta ƙi karɓa, ko an neme ta an rasa. Ita ba ta ƙi ba. Ba a kuma rasa ta ba, na san inda take. Kai ka ƙi, Malam, kai kuwa sunanka ba ya jiki."

Na haɗiye wannan. Na yi masa bayani, ban ɓoye komai ba, har Disamba. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na miƙa hannu.

Ya ce, "Haba Malam."

"Kabo, daga Daura na biyo ka. Ka dubi ƙafata."

"Na gani, sannu. Amma in na ba ka don ka sha wahala, wancan mai maraƙin me zan ce masa? Shi ma tun ɗazu yake miƙo hannu."

"Ni na koyar da ƙaninka!"

"Har ni ka koyar, Malam, aji biyu. Kai ka ce mana amana ba ta da ƙane."

Ban tuna na taɓa faɗin haka ba, amma ya yi kama da irin abin da nake faɗa. Ya rantse Laraba da hantsi yana ƙofar gida, ko ana ruwan ƙanƙara. Na dawo hannu rabbana.

Na kai wayata wajen masu caji. Na bi layi. Ɗalibaina uku sun ce in wuce gaba, na ƙi.

Saura abu ɗaya. Har yanzu ban gaya mata ba. Sau biyu ina zuwa bakin labule, in ce Yaya ina wuni, ta ce lafiya lau Malam, in tsaya, in juyo. Ban san ta inda ake fara irin wannan maganar ba.

Nu'uman.


Abuja,
18 ga Yuni.
Ta hannun direban nan dai.

Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ji muryarka a waya jiya, ban ji daɗinta ba, shi ya sa nake ƙara wannan. Ka ci abinci.

Ka fara da gaskiya, ita ce gajeriyar hanya.

Ni ma ina da nawa. Mu tara muka zauna a kan sashe na tara, huɗu mata, babu wanda ya tuna da takaba ko gidan da ba a shiga. Zan kai gyara: a tura ma'aikaciya mace, ko mai wasiƙar ta naɗa wakili da bakinta a gaban mai rabawa. In kuma kana ganin a sassauta hannu da hannun gaba ɗaya a garuruwa irin namu, ka rubuto mini hujjarka, zan karanta a zaman kwamiti.

Na yi magana da Hadiyya, ta haɗa kayan asibiti.

Zubaida.


Kano,
25 ga Yuni.

Zubaida,

Assalamu alaikum. Daga barandar asibiti nake rubutu, a kan gwiwata. Hadiyya tana ciki tare da ita. Na gaya miki a waya an yi aikin. Ga abin da ban iya faɗa a waya ba.

Ban gaya mata ba har Laraba. Kabo ya iso da hantsi kamar yadda ya rantse, ya kashe babur. Na tashi zan shiga in yi maganar da na kasa yi kwana biyar, sai na ji tafiya a hankali. Ita ce, cikin hijabinta, hannu ɗaya a bango. Ta ce, "Malam, ɗan kauce." Na kauce.

Ta tsaya daga bakin ƙofar ciki ta ce, "Sannu da ɗawainiya, Malam Kabo. Zuwa huɗu ke nan."

Kabo ya sunkuyar da kai. Ta dangwala, ta karɓa, ta shafa ambulan ɗin da tafin hannu, ta sa a cikin hijabi. Bayan ya tafi na ce, "Yaya, kin sani?"

Ta ce, "Bangon ɗakina ai shi ne bangon zaure. Ido ne ya tafi, ba kunne ba. Sau uku ina jin sunana, ina zaune da mayafina a hannu ina jira a kira ni."

"Me ya hana ki fitowa?"

"Maigida yana magana a zaurensa, in fito in ƙaryata shi a gaban baƙo? Yau ma don na ji kai ka kira shi ne."

Sannan ta ce in buɗe akwatin Yaya Lawal in duba ƙarƙashin farar babbar rigarsa. Ambulan biyu ne, masu hatimin asibitin nan, da sunanta. Ɗaya ta shekara biyu, ɗaya ta bara. Ba a buɗe ko ɗaya ba. A kusurwar kowace akwai ranar isowa da jan biro, da rubutun da na sani, don nawa ne. Ni na karɓe su daga hannun Kabo a kan babur, ni na miƙa wa Yaya Lawal, kamar yadda ake yi. Ban sake tuna su ba.

Ta ce ta gan su tun lokacin, tana gyara masa kaya, lokacin tana iya gane hatimi. Kin tuna yadda mai maganin gargajiya ya taɓa idon Baba ya ƙarasa shi. Tun daga nan Yaya ba ya son jin an ce wuƙa da ido. Ta ce, "Tsoro yake ji mini. Ban iya tambayarsa ba, shi kuma bai iya gaya mini ba. Kai kuwa ƙaninsa ne, ban san ko tsoron naku ɗaya ba ne."

Jiya kafin a shiga da ita likitan ya daɗe yana haska idon hagu, sannan ya ajiye fitilar. Ya ce wannan ya wuce. Na dama za a tsayar da abin da ya rage, ba za a dawo da abin da ya tafi ba. Ya juyo ya tambaya, ba da faɗa ba, me ya sa muka makara haka. Ina laluben abin cewa ta riga ni. Ta ce, "Hanya ce da nisa, likita."

Gobe za a cire bandeji. Ta ce abin da take so ta fara dubawa shi ne ko za ta iya bin layi a Alƙur'aninta. Hadiyya ta zo da shi.

Ki kai gyaran ma'aikaciya mace, yana da kyau. Hujjar sassautawa da kika ce in rubuto, babu ita. Ku bar hannu da hannu yadda yake.

Ni ne na yi kuskure, Zubaida.

Nu'uman.